Girkawan da Ke Zaune a Bencin Mai Shayi

Ka tambayi mutum uku a tashar Jega mene ne Girka, za ka sami amsa uku. Na gwada. Mai tuwo ta ce in dai girka ce ta yi tun da asuba, tukunya na kan murhu, in jira ta nuna. Wani dattijo ya dube ni sama da ƙasa, ya rage murya, ya ce shi ba ya shiga sha'anin 'yan bori. Direba ne kaɗai ya gane ƙasa nake nufi. Ya ce, "Awo, na gane su. Ba su ne Kaita ya shuri ɗansu ba?"

Gaskiyarsa. Ranar 17 ga Yuni, 2010, a Afirka ta Kudu, muna gaba da ci ɗaya, Sani Kaita ya ɗaga ƙafa, alƙalin wasa ya ɗaga jan kati, aka tashi suna da biyu muna da ɗaya. Cewa mun ba su biyu da nema a 1994, ta ƙafar Finidi da Amokachi, wannan ba wanda ya riƙe. Iyakar sanin da aka yi wa ƙasar masani Aristo a tasharmu ke nan. Shuri guda.

Ni ma ban wuce nan ba sai da ɗan ƙanwata ya zo hutu. A Aliero yake karatu, kuma ya kai shekarun da yaro ke gyara wa manya magana. Muna zaune a bencin mai shayi ya ce, "Kawu, ka san rabin abin da ke bakinka na Girkawa ne?" Na ce abin da ke bakina burodi ne, kuma ni zan biya. Ya ce kalmomi yake nufi. Rabin dai ƙari ne irin na ɗalibai. Amma da na koma gida na fara bin diddigi don in ƙaryata shi, sai na tarar ƙamus ɗin da na ɗauko ma nasu ne. Su okeyanos suke cewa, wato teku. Larabawa suka karɓa suka ce ƙamus. Wani malami, Fairuzabadi, kimanin shekara 600 da suka wuce, ya laƙaba wa littafinsa na kalmomi wannan suna, sunan ya bi duk littafin da ya biyo sawunsa. Ashe shekara da shekaru teku nake ajiye da shi a kan kanta, da kwalbar man zafi a samansa.

To, matso ka dubi teburin nan. Kada ka taɓa komai, mai shayi da ido yake ƙirga kayansa. Botar da yake shafa maka daga buturon take, cukun saniya ke nan a bakinsu, ko da yake abin da ke cikin gwangwanin nan bai taɓa haɗa hanya da saniya ba. Da can a kan risho yake dafa ruwa, da kananzir, shi kuwa kananzir daga keros yake, kakin zuma. Yanzu ya koma gas. Wani masani a ƙasar Beljiyam ne ya ƙago wannan suna a ƙarni na 17, ya samo shi daga kalmar Girkawa ta kawos, wato hargitsi. Duk wanda ya taɓa ganin yadda benci ke watsewa in tukunyar ta yi tsaki ya san mutumin bai yi kuskure ba.

Ba kalmomi kaɗai suka zo ba, har da masu su, da jakar kuɗi. Buhun fulawar Golden Penny da ake saukewa a gidan burodi na kamfanin da wani Bagirke, George Coumantaros, ya kafa ne a 1960. Ɗan gwangwanin Robb da ke aljihun kowane tsoho da hunturu na kamfanin PZ ne, kuma Z ɗin nan mutum ne: George Zochonis, wanda ya haɗa jari da wani Bature Paterson a Saliyo, suka buɗe reshe a ƙasar nan a 1899. Lemon Coca-Cola da ke cikin bokitin ƙanƙara, Leventis ne ya kafa kamfanin ɗura shi a kwalba a 1951, shi kuma ɗan tsibirin Saifurus ne. Daga sunan tsibirin nan Rumawa suka raɗa wa jan ƙarfe suna, Turawa suka gada, mu muka ji muka ce kwabo. An maido da kwabo cikin kuɗinmu tare da naira a 1973. Yau ka jefar da shi a tsakiyar kasuwar Jega, ko almajiri ba zai sunkuya ba.

Akwai gida guda da ya fi ba ni mamaki, in ma mamakin ya dace. Uban gidan kartes ne, fallen ganyen rubutu da ake kawo wa Girkawa daga Masar. Rumawa suka ɗauki kalmar zuwa arewacin Afirka. Mutanen can suka ba Azbinawa, suka naɗa mata rawanin "ta" da suke sa wa sunayen mata, ta hau raƙumi ta keto Sahara, ta sauka a nan da sunan takarda. Ita ce babbar 'ya. Ta daɗe har ta manta hanyar gida.

Ƙannenta ta ruwa suka biyo, da Turawa. Akwai kati, na waya da na zaɓe da na asibiti, har da wancan ja da aka nuna wa Kaita. Akwai karta, wadda ake bugawa a bayan tasha, wanda bai gaji gidan da mutunci ba. Akwai katan, na taliya da na sabulu. Auta kuwa shata ce, ba Shata na Katsina mai kalangu ba, shatar mota, domin da can sai an rubuta yarjejeniya a takarda kafin a ba ka jirgi haya. Biyar ke nan, uba ɗaya. Jiya na ga wani ɗan kasuwa ya yi shatar mota, ya loda katan arba'in, ya sayi katin waya, ya karɓi takarda a hannun ɗan kamasho. Iyali sun haɗu a tasha guda, ba wanda ya gai da wani.

Wasu kuma ta zaure suka shigo, da alwala. Alƙalamin da almajiri ke feƙewa daga sillen kara, kalamos ne, kuma ma'anarsa a can ita ce kara. Ya bar Girka yana kara, ya zaga ta ƙasar Larabawa, ya iso tsangayar Jega yana kara. Daftarin da 'yan majalisa ke muhawara a kansa asalinsa diftera ne, jemammiyar fata da ake rubutu a kai, kuma daga ita likitoci suka samo sunan da suke kiran cutar mashaƙo, saboda fatar da ke toshe maƙogwaro. In ka ga daftarin kasafin kuɗi ya shaƙe ka, ba haɗari ba ne. Gado ne.

Hanyar nan ta Bagadaza ta ratso. A zamanin Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, da bayansa, aka zauna aka juye littattafan Girkawa zuwa Larabci, na magani da na lissafi da na taurari. Daga nan falsafa ta samu sunanta, wato son hikima. Daga nan mantiƙin Aristo ya sauya riga, har wani malamin Aljeriya, Ahlari, ya tsara shi a baitoci a ƙarni na 16, ɗalibai a zaurukanmu suna haddacewa a kan buzu. Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu, wanda ya zauna a Salame, ya yi rubutu a fannin falsafa tun kafin Bature ya kafa tuta a ƙasar nan. Saboda haka in ɗan boko ya ce shi ya kawo mana Aristo, ka ba shi wuri ya zauna. Baƙon nasa ya riga shi cin tuwon gidan.

Mu tashi mu kama hanyar Aliero. Direba ya ce saura mutum ɗaya, minti biyar. Mun yi awa biyu. Ita ma awa tasu ce, hora, amma ba su aiko ta da umarnin yadda ake kiyaye ta ba. Da muka fita gari ya tsaya wurin 'yan bumburutu ya sayi lita huɗu ta fetur. Lita tasu ce. Fetur kuwa rabinsa nasu ne, fetra, wato dutse, man dutse ke nan. Yaron ya ɗaga galan, ya tace da tsumma, ya rantse cewa huɗu ce cif. Sunan ma'aunin dai na Girkawa ne. Galan ɗin an taɓa gasa gindinsa a wuta ya ɗan shige ciki.

Ba mu yi nisa ba mota ta fara tari. Aka kira bakanike, ya zo a kan mashin. Nan ne na fi jin daɗin Bahaushe. Girkawa na da mekane, duk wata dabara ta ɗaga kaya ko jan abu, har da ƙugiyar da suke sauko da ɗan wasa daga sama a dandali. Daga ita mashin ya fito, daga ita makanike ya fito. Bahaushe ya saurari kalmar, ya ga ta yi kama da sunan ƙabila, sai ya gyara mata zama. Bakano, Kanawa. Bakabe, Kabawa. Bakanike, kanikawa. Shi ke nan, an ba su asali, saura a naɗa musu sarki, kuma a wasu garejin an naɗa. Namu ya shiga ƙarƙashin mota da sifana ɗaya da guntun waya. Ya fito ya tsotsi tiyo, ya tofar da fetur, ya ce a tura.

Aliero tun daga nesa hanci ke sanar da kai ka iso. Albasa dai ba ruwanta da Girkawa, sunanta na Larabawa ne, wahalarta ta mutanen Aliero ce. Kuma ba wanda zai sayar maka da ita a kilo. Kilo, wanda a bakin Girkawa dubu yake nufi, ya tsaya wurin mai nama da mai gas. Nan buhu ne, a cika shi har ya yi hula, a ɗinke da igiya. Sai dai Girkawan sun san darajarta. Marubucinsu Hirodotas, da ya je Masar kusan shekara 2,500 da suka wuce, ya tsaya gaban babbar dala, tafinta ya karanta masa wani rubutu, ya ce lissafin kuɗin albasa da tafarnuwa ne da maginan suka ci. Mutum ya je gaban abin al'ajabin duniya, ya komo da farashin albasa. Na faɗa wa wani dillali wannan. Ya ce, "Wanga mutum ɗan kasuwa na. Nawa yac ce buhu?"

Manyan motocin da ake lodawa kudu za su, wasu har jihar Delta. Sunan jihar harafi ne, na huɗu a abacadar Girkawa, mai kusurwa uku, wanda suka ga bakin kogin Nilu ya yi kama da shi. Ranar 27 ga Agusta, 1991 aka haife ta, rana ɗaya da jiharmu. Mu aka ba mu sunan daular Kanta. Tagwainiyarmu aka ba ta baƙi guda.

Sauran haruffan suna cikin jami'ar da aka kafa a garin a 2006. Ka leƙa littafin ɗan ƙanwata ka ga alfa da bita da fai da sigma sun yi sahu kamar awaki a turke. Kalmar kimiyya da ke jikin allon ƙofa ma ta bi ta hannun Girkawa kafin ta iso ga Larabawa, lokacin da sana'ar ba ta wuce neman mai da dalma zinariya ba, kuma daga tushen nan kemis ɗin unguwarku ya samo suna. Difloma da ake fafutukar samu, ma'anarta abin da aka ninka biyu. Na san mutum uku a layinmu da suka cika wannan sharaɗi. An ninka, an sa a ƙasan akwati, tare da kayan Sallah.

Abu na biyu da aka san Aliero da shi ɗori ne. Daga garuruwa masu nisa ake kawo masu karaya. Na zauna na kalli wani maɗori yana aiki a kan ƙafar wani ɗan acaba. Ya shafa, ya saurara da yatsa, ya sa mutum biyu suka riƙe, ya ja. Ƙarar da yaron ya yi ta kori kajin gidan. Sannan ya jera karare, ya naɗe da tsumma, ya ce kada a taka sai ya ce. A littattafan da ake dangantawa da Bukrat, likitan Girkawa da aka haifa wajen shekara 460 kafin haihuwar Annabi Isa, akwai na karaya da na gocewar ƙashi, kuma abin da ke ciki bai yi nisa da wannan ba: a ja, a daidaita, a ɗaure da itace. Ban ce maɗorin ya koya daga can ba. Wurin kakansa ya koya. Ƙashi ne bai da yare biyu.

Wanda ya ƙi ɗori sai tiyata. Ita kuwa teyataron ce, wurin kallo, inda dubban Girkawa ke zama a kan matakalar dutse suna kallon wasan kwaikwayo. Likitocin Turai na da can suna fiɗa ɗalibai na zaune a kewaye suna kallo, sunan ya manne wa ɗakin. Da ya iso gare mu sai kallon ya faɗi a hanya, wuƙar ta rage. Yau in aka ce an shiga da wane tiyata, ba mai tambayar nawa ne kuɗin ƙofa. Ana dai tambayar nawa ne.

Washegari na bi ta kudu zuwa Maiyama, ta'aziyya. Bayan addu'a na fito na tarar ana fitar da harsashin ɗaki a maƙwabta. Magini ya kafa turke, ya ja igiya ƙafa uku nan, ƙafa huɗu can, ya auna tsakaninsu, ya matsa turken har ta ba shi biyar. Ya ce kusurwa ta tsaya. Wannan shi ne abin da ake bugun yara a kansa a sakandare da sunan Fitagoras. Na tambaye shi ko ya san mai wannan suna. Ya ce, "Ɗan ina na? In dai magini na, ban yi aiki da shi ba." Bai yi asara ba. Mutanen Babila sun san lissafin nan fiye da shekara 1,000 kafin a haifi Fitagoras. Shi dai ya yi sa'ar masu rubuta suna.

A gidan ta'aziyyar akwai mita a bango, sabuwa, da ledarta. Metron, ma'auni. Abin da take aunawa lantarki ne, daga elektron, wani ƙaron itace da ya daskare ya zama kamar dutsen ado. Girkawa sun lura in an goga shi a tsumma yana jan tsinke da gashin kaza. Iyakar lantarkinsu ke nan, kuma sai a 1600 wani likitan Ingila, William Gilbert, ya ɗauko kalmar ya ba ta aiki. Mun zauna daga azahar har la'asar. Fankar da ke sama ba ta ja ko gashin kaza ba. Kowa da mahucinsa na kaba.

Ba a zama uku a ƙasar nan ba a gangaro kan dimokuraɗiyya ba. Mu mutanen Jega muna da ɗan haƙƙi a kanta, tunda sunan garinmu ya zaga duniya tare da Farfesa Attahiru Jega, wanda ya riƙe hukumar zaɓe daga 2010 zuwa 2015, har aka zo da na'urar tantance kati. Kalmar ta Atina ce: demos jama'a, kiratos iko. An fara abin wajen shekara 508 kafin haihuwar Annabi Isa. Sai dai jama'ar tasu ban da mata, ban da bayi, ban da baƙi. Majalisarsu ta mutum 500 kuwa ba zaɓe ake yi ba, canki-canki ne, wanda rabonsa ya faɗo shi ke nan. Kada ka yi dariya. Kalmar ƙuri'a da muke ji da ita, a Larabci ma'anarta ke nan.

Abin da na so a ce sun aiko mana shi ne tsingaro. Sau ɗaya a shekara, in jama'a sun yarda, kowa zai ɗauki fasasshen kasko ya rubuta sunan babban mutumin da ya ishe shi. Wanda sunansa ya fi yawa ya bar gari shekara 10, ba shari'a, ba ɗaukaka ƙara, dukiyarsa na nan tana jiransa. Ana ba da labarin wani adali, Aristidis, da wani baƙauye da bai iya rubutu ba ya miƙa wa tsingaro, bai san shi ba ne, ya ce ya rubuta masa Aristidis. Ya tambaye shi laifin mutumin. Ya ce ba laifi, ya dai gaji da jin ana yabonsa. Ya karɓa ya rubuta. Na ba da labarin nan a Maiyama, wani tsoho ya yi shiru, ya ce in aka kawo wannan nan, kafin magariba ba sauran tulu mai rai daga nan har Koko. Mai gidan ya tashi ya matsar da randarsa ciki.

An ce kayan aro ba ya rufe katara. Wannan aron dai ya rufe, har an yi masa aljihu. An kuma ce baƙo raɓa ne, ga waɗanda suka kwana dubu rana ba ta ɗauke su ba. Su Girkawan, duk wanda ba ya jin harshensu barbaros suke ce masa, wai maganarsa bar-bar ce kawai. Mu ma muna da baubawa, kuma da ɗayansu zai sauka a tashar Jega, sunan da zai samu ke nan kafin ya ajiye jaka. Zai ce kalamos, a ce ba a gane ba. A miƙa masa alƙalami ya rubuta abin da yake nufi.

Da na komo na zayyana wa mai shayi duk wannan, tun daga teku har tsingaro. Na ƙara masa da Sukurat, wanda ke yini a kasuwar Atina yana tare mutane da tambaya, bai saye bai sayar ba, har suka gaji suka ba shi guba ya sha a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa. Mai shayi yana ta ɗaga shayi daga kofi zuwa kofi. Da na kai aya ya ce, "Malam, wanga Sukurat, shina biyan kuɗin abin da yash sha?"

Na laluba aljihu. Kuɗin sun tafi a mota da sadakar ta'aziyya. Bai ce komai ba. Ya yagi gefen katan ɗin madara, ya zaro alƙalami daga bayan kunne, ya rubuta sunana a ƙarƙashin na direba. Shayi biyu, burodi ɗaya, da bota.